Neman shawara: yadda zan raba zangon tattaki a Makka da Madina, kwana 10 kacal gare mu

Baban Ikram, Pantami:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a wurin waɗanda suka taɓa zuwa, musamman wanda ya hau duwatsun nan na Makka, Jabalun Nur da Jabalu Saur, da ƙafarsa. Wanda ya hango su ta tagar bas ya yi haƙuri tukuna.

In Allah ya yarda ƙarshen Disamba, da zarar an ba mu hutu (malamin sakandare ne ni a nan Gombe), zan tafi Umra ni da Hammana, wato yayana. Adashin shekara uku ne na kwashe. Kamfanin jirgin yawo ya ba mu kwana 10, shida a Makka, huɗu a Madina. Ni shekarata 44, Hamma 59. Yana shan maganin hawan jini, kuma gwiwarsa ta dama takan yi ƙara in ya miƙe daga zaman tahiya, amma shi a faɗarsa lafiyarsa lau, har yanzu da kansa yake noma gonarsa a hanyar Dukku.

Bari in faɗi abin da ya sa na nace wa tafiyar ƙasa, don kada a ce neman suna nake. Kakanmu a ƙasa ya je Makka. Daga Nafada ya tashi, ya bi ta Maiduguri ya shiga Chadi, ya ratsa Abeche da Fasher, yana tafiya yana tsayawa yin ƙodago a gonakin auduga na Sudan har ya tara kuɗin jirgin ruwa. Shekara bakwai sannan ya dawo, ya tarar har an raba gadonsa. Dama ƙasar nan tamu kan hanya take: a Bormi aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a 1903 ya nufi gabas, ɗansa Mai Wurno ne ya ƙarasa Sudan da ragowar jama'a. Mu kuwa awa biyar a jirgi, ga abinci ana miƙo maka. Shi ya sa nake so ko yaya ne ƙafata ta san ta je.

Ga yadda na tsara a takarda. Rana ta 1 mu sauka Jidda, mu wuce Makka mu yi Umra. Rana ta 2 bayan Asuba mu hau Jabalun Nur mu ga Kogon Hira. Rana ta 3 Jabalu Saur. Rana ta 4 mu taka daga Mina mu bi ta Muzdalifa zuwa Arafa, na auna a taswirar waya kimanin kilomita 14 ne, mu dawo a tasi. Rana ta 5 mu fita Tan'im mu sake ɗauko harami mu yi Umra ta biyu saboda mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta. Rana ta 6 hutu, sai jirgin ƙasa zuwa Madina, can kuma Uhudu da Ƙuba.

Na lissafa, babu ranar da ta wuce kilomita 14, ni kuwa daga Pantami nakan taka har Tumfure in dawo ban ji komai ba. To ina kuskuren? Don jikina na ba ni akwai shi.

Tsohon Direba, Bolari:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Kuskuren yana nan, kuma ba ɗaya ba ne. Sau huɗu na je, na hau Nur sau biyu, Saur sau ɗaya, kuma wannan ɗayan ya ishe ni har in koma ga Allah.

Na farko, lissafinka ya bar tafiyar da ta fi kowacce yawa. A ina masaukinku yake? In jirgin yawo ne mai sauƙin kuɗi, to na rantse unguwar Misfala za a kai ku, ko can ƙasan titin Ibrahim Khalil. Daga nan zuwa Harami kilomita ɗaya ne ko ɗaya da rabi, sannan in ka isa farfajiya askar, wato mai tsaron Harami, ya tare ƙofar da ka nufa ya ce ka zagaya. Ka ninka wannan zuwa da dawowa sau huɗu ko biyar a yini. Kafin ka hau dutsen kowa ka riga ka ci kilomita 10, kullum, har ranar da ka rubuta mata "hutu". Takardarka ba ta san da wannan ba.

Ita kanta Umrar da ka ba rabin layi, ba ƙaramar tafiya ba ce. Tsakanin Safa da Marwa kimanin mita 450 ne, sau bakwai ya haura kilomita 3. Ɗawafi in ka samu ƙasa kusa da Ka'aba da sauƙi, in cunkoso ya tura ku bene nisan zai ninka sau biyu ko uku. Duk wannan ba takalmi, a kan dutsen marmara, bayan kun kwana a zaune a jirgi. Washegari sha-raɓarka kamar an ɗaure ta da waya. A ranar ce kake son ka ja dattijo mai shekara 59 zuwa Hira?

Na biyu, dutse ba a auna shi da kilomita. Da nake tuƙa tirela, nisan da zan cinye cikin minti goma a shimfiɗaɗɗiyar hanya, in hawa ne da lodi sai ya ci min kusan awa, kuma gangara ta fi hawa kashe mota, don birki ne ke shan wuya. Gwiwa ita ce birkin ɗan Adam. Za ka ga an rubuta Jabalun Nur mita 640, kada ya tsorata ka, daga teku aka auno, ita kanta Makka tana sama da teku da kusan mita 300. Abin da za ka hau wajen rabin wancan adadin ne, mai ƙarfi ya yi shi cikin minti 45, irinmu awa ɗaya da rabi. Amma Saur daban ne. Ya kai wajen mita 750, hawan ya haura mita 400, kuma mayaudarin dutse ne: ka hango ƙololuwa ka ce an iso, kana kaiwa sai wata ta leƙo daga bayanta. Hangen Dala ba shiga birni ba. Matakalar ma ba ɗaya ba ce, wata taƙi ɗaya, wata sai ka dafa gwiwa ka ɗaga ƙafa kamar mai hawa bayan akori-kura.

Ni abin da ya same ni: na hau Nur ranar Talata, na ji garau, na ce gobe Saur. Na hau cikin awa biyu da kwata. Wajen saukowa, ban kai rabi ba cinyoyina suka fara rawa kamar mazari, ina taka matakala ƙafa na lanƙwashewa da kanta. Wani yaro ɗan Pakistan ne ya riƙe ni muka sauko, Azahar ta wuce mu a kan dutse. Kwana biyu ina salla a zaune a ɗaki, ina jin kiran sallar Harami ta taga. Sallar da ɗaya ta fi dubu ɗari a wani wuri, na zubar da goma saboda gaggawa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Don haka kada ka jera duwatsu biyu a kwana biyu. Ka sa aƙalla yini biyu a tsakani. Kuma kada ko ɗaya ya faɗo ranar Juma'a, don in ba ka shiga Harami tun wajen ƙarfe goma ba, a titi za ka yi sallar.

Maman Walida, Fadaman Mada, Bauchi:

Sannu Baban Ikram. Alhaji ya gama magana a kan gwiwa, ni a kan Hamma zan tsaya, don aikin jinya nake yi shekara 19 kuma na san irinsu. Namiji manomi ba zai taɓa ce maka ya gaji ba, balle a gaban ƙaninsa, balle a ƙasa mai tsarki. Sai dai ka ga ya yi shiru, ya daina amsa hira, yana yawan tsayawa wai yana kallon gari. To wannan shirun shi ne maganarsa. Noma aikin baya ne da kafaɗa, hawan dutse aikin zuciya ne da huhu, ba ɗaya ba ne.

Kafin ku tashi ya je a auna jininsa, ya gaya wa likita ƙarara cewa dutse zai hau, kada ya ce Umra kawai. Wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari, in aka haɗa da gumi sai jiri ya ɗebi mutum yana miƙewa, a kan matakalar da gefenta rami ne. Maganin kuma ya zauna a jakar hannu, ba a akwatin da za a auna ba.

Gwaji mai sauƙi: in yana hawa yana iya karanta Fatiha a bayyane ba tare da numfashi ya yanke masa aya ba, ku ci gaba. In ba ya iyawa ku zauna. In ya ce ƙirji ya riƙe, ko ciwo na sauka hannun hagu, an gama, sai ƙasa, ba shawara.

Disamba kun dace, ba zafin aikin Hajji ba ne. Kowa ya tuna 2024 da zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka ce mutum 1,301 ne suka rasu. Amma kada ku ɗauka hunturun Makka irin namu ne mai hazo da rigar sanyi. Da rana yakan kai digiri 30, kuma dutsen baƙi ne, ba bishiya ko ɗaya, ƙarfe tara ya fara mayar da zafi ta ƙasa. Mu da muka hau Nur, ni da maigidana, ƙarfe biyu na dare muka fara, da tocila. Iska mai daɗi, mutane jefi-jefi, hasumiyar agogo tana haske can ƙasa kamar ka miƙa hannu. Amma mun rasa jam'in Asuba a Harami, a saman muka yi. In ba kwa son haka, ku idar da Asuba ku tari tasi nan take, kada ku koma ɗaki shan shayi.

Abin da ba a gaya wa mutum shi ne kogon ba a kan ƙololuwa yake ba. Sai ka kai sama, ka ɗan gangara ta ɗaya gefen, sannan ka matse tsakanin wasu manyan duwatsu a karkace, mai tumbi sai ya ja numfashi. Shi kansa kogon tsawonsa bai kai mita huɗu ba, faɗinsa kamar tabarma ɗaya da rabi, ga layi ana turereniya. Na tsaya a bakinsa na tuna Nana Khadija tana haɗa masa guzuri yana zuwa nan ya kwana shi kaɗai, babu matakala babu tocila, sai na ji hawaye. Minti biyu na samu aka ture ni.

Kayan tafiya: kambas wanda ƙafa ta saba da shi, ba sabo ba, sabo bororo zai yi muku. Silifas ɗin harami ku bar shi a ɗaki. Safa mai kauri, sanda ga Hamma, ruwa lita ɗaya da rabi kowa, dabino, da ƙullin gishiri da sukari na kemis guda biyu. Akwai masu sayar da ruwa da shayi a hanya, amma kuɗin na hawa tare da kai. Sannan birai! Irin na Yankari sak, marasa kunya. Kada ku riƙe leda a hannu, ni a gabana ɗaya ya fizge ledar wata Baturkiya har da wayarta a ciki. Komai a jakar goyo, a zuge.

Kuma tun yanzu ku bar takawa zuwa Tumfure, kwalta ce. Ku nemi matakala. Mu Dass muka riƙa zuwa muna hawa Dutsen Mbula duk Asabar wata biyu. Ku ga duwatsun Tula nan kusa da ku, ko matakalar filin wasa na Pantami, a hau a sauka sau goma. A nan za ka san gaskiyar gwiwar Hamma, ba a Makka ba.

Almajiri, Herwagana:

Allah ya saka wa Alhaji da Hajiya. Ni ɗan ƙarin bayani ne ta fuskar hukunci, ba don in kashe maka gwiwa ba, Malam.

Hawan Hira da Saur ba ya cikin ayyukan Umra ko Hajji, kuma babu wata salla ko addu'a da aka keɓe wa kogunan. Wanda ya hau don ya ga inda ayoyi biyar na farkon Suratul Alaƙ suka sauka, ko inda Annabi (SAW) da Sayyidina Abubakar suka ɓuya kwana uku a hijira, Asma'u na kai musu abinci, Amiru ɗan Fuhaira na bi da tumaki yana shafe sawu, wannan ya je karatun tarihi ne da ƙafa, kuma aya ta 40 a Suratut Tauba ba za ta sake zama masa kamar da ba. Amma shafar dutse, da rubuta suna, da ɗaura ƙyalle, a bar su.

Abin da nake so ka lura da shi: a mazhabarmu ta Malikiyya, inda tafiya da ƙafa ta zama wajibi ga mai iko shi ne ɗawafi da sa'ayi. Mai uzuri ya hau keke, babu komai a kansa. To ka ga in za a yi wa gwiwar Hamma kasafi, nan ne za a fara biya. Tsakanin Mina da Arafa kuwa, shi kansa Manzon Allah a kan taguwarsa Ƙaswa ya yi shi a Hajjin Bankwana.

Umra ta biyu a shekara ɗaya, Imamu Malik ya karhanta, wasu malamai kamar Shafi'iyya sun halatta. Ka tambayi malaminka ka bi abin da ya natsar da kai. In ka bar ta, ka yawaita ɗawafin nafila da addu'a da sadaka ga mahaifiya.

In kuwa tattakin da ke da nassi kake nema, yana Madina, kuma shi ne ka ambata a ƙarshe kamar cikon layi. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi yana zuwa Ƙuba duk Asabar, wani lokaci a ƙasa wani lokaci a kan abin hawa. Kuma an ruwaito cewa wanda ya yi tsarki a gidansa ya je ya yi salla a can yana da lada kamar na Umra. Kilomita 3 ne da 'yan kai daga Masallacin Annabi, yanzu an yi hanyar masu ƙafa miƙaƙƙiya, ba hawa ba gangara.

Baban Ikram, Pantami:

Kai, na sha wanka. Alhaji, na kira kamfanin, Misfala ce kuwa, kamar kana wurin. Hajiya, na karanta wa Hamma maganarki ta shiru, matarsa na gefe ta ce wallahi kamar kin zauna da shi. Shi kuwa cewa ya yi ba a haifi dutsen da zai gagare shi ba. Asabar za mu Tula, dutse ya ba shi amsa da kansa.

Malam, na karɓi gyara, Umra ta biyu na cire ta. Amma Saur ban iya cire shi ba, shekara 15 ina koya wa yara hijira a allo, ina so in ga bakin kogon nan da idona.

Na tambaya ko za a juya mana tafiyar mu fara da Madina, sun ce akwai ayarin da ke sauka can, sai dai ƙarin kuɗi kaɗan. In ya yiwu, ga sabon tsari. Madina: yinin farko barci da salla kawai, na biyu Ƙuba a ƙasa mu dawo a mota, na uku Uhudu, mu gai da Sayyidina Hamza da shahidai, mu hau ɗan tudun maharba inda aka ajiye mutum 50 ɗin nan a yaƙin Uhudu, na ga hotonsa bai fi hawan minti biyar ba. Sai mu ɗau harami a Zul-Hulaifa. Makka: Umra, washegari ba komai, rana ta 3 Nur mu biyu in Tula ta ba da izini, ta 4 da ta 5 Harami kawai, ta 6 Saur ni kaɗai. Mina zuwa Arafa fa, in yar da shi gaba ɗaya?

Ɗan Jekadafari a Makka:

Yallaɓai, karatu nake a nan shekara ta uku. In kun ɗau harami daga Madina ku lura: jirgin ƙasa na Haramain ba ya tsayawa a miƙati, don haka ku sa harami tun a masauki, ana sanarwa a cikin jirgin in an zo daidai wurin sai ku yi niyya, kuma hakan na zuwa jim kaɗan da tashi. Tafiyar kilomita 450 ce, ba ta kai awa biyu da rabi ba. In bas ne zai tsaya muku a masallacin miƙatin.

Mina zuwa Arafa mun taɓa yi da abokai ba lokacin Hajji ba. Tantuna fayau ba kowa, famfunan da muka gwada a hanya ba ruwa, Masallacin Namira a rufe, shago babu, kuma tasi ba ta bi ta wurin sai ka kira ta waya. Ban ba ka shawara ba, balle da dattijo. Ku ɗauki mota ta zagaya da ku, ku sauka a Jabalur Rahma da ke Arafa, hawansa gajere ne ta matakala, Hamma zai ji shi ma ya hau dutse.

Saur kuma kada ka je kai kaɗai. In ranar ba ni da darasi zan raka ka, ka yi min magana ta akwatin saƙo.

Tsohon Direba, Bolari:

Yanzu ka yi tsari. Gyara ɗaya: ka mayar da Saur rana ta 5. In ka sa shi ranar ƙarshe, da wace ƙafar za ka yi ɗawafin bankwana, ka ja akwati da jarkar Zamzam a filin jirgin Jidda? Nur rana ta 3 da sassafe, Saur rana ta 5, yini ɗaya da rabi ke nan a tsakani. Na ce biyu, amma kai yaro ne, kuma ga mai rakiya ka samu.

In kun dawo daga Tula ka zo ka gaya mana wa ya fara zama a kan dutse, kai ko Hamma. Ni dai kuɗina na kan manomi.